Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru game da wata ciyawa da muke nomewa alhali wasu suna auna man da ke cikinta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri ga shugaban wannan cibiya da dukan masanan da ke aiki a cikinta, ina rubuto muku ne a matsayina na tsohon malamin gona wanda ya shafe shekarun aikinsa yana kai wa manoma irin da kuka fitar, yana kuma tsayawa a bakin kunya yana jin abin da za su ce game da shi bayan girbi. Na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a maimakon in aiko da takarda a rufe, domin abin da zan roƙa bai shafi ofishinku kaɗai ba, ya shafi manomin da tsiron yake gonarsa, ya kuma shafi mai masana'antar da watakila wata rana zai nemi mansa.

Tsiron da nake nufi shi ne wanda masana suka daɗe suna kira Vernonia galamensis, wanda a sababbin rubuce-rubuce ake kira Centrapalus pauciflorus. Domin sauƙin magana zan riƙa ce masa banoniya. Ku kun san shi sarai, ko da yake ta wata fuska dabam, domin yana cikin ciyayin da ake kira masu faɗin ganye, wato waɗanda ba dangin gero da dawa ba, da masu binciken ciyawa suke ƙirgawa a gonakin masara da dawa na wannan yanki. Tsiro ne na damina guda, yana fitowa bayan ruwa ya zauna, ya miƙe da kara mai ɗan gashi da siraran ganyaye masu tsini, wani bai kai gwiwa ba, wani kuma a ƙasa mai ƙarfi yakan wuce tsayin mutum. Idan damina ta doshi ƙarewa sai ya fitar da fure mai launin shuɗi-shuɗi zuwa shunayya, bayan haka furen ya bushe ya bar 'yan ƙwayoyi masu duhu, kowace da tukkun gashi a kanta wanda iska ke ɗauka. Ɗan uwan shuwaka ne na kusa, ɗan uwan domashi ne, kuma dukansu suna cikin babban dangin nan da ya haɗa latas da sanfulawa da tazargade, dangin da ke da nau'o'i fiye da 23,000 a duniya, wanda ake gane shi da cewa abin da ido ke gani a matsayin fure guda, tarin ƙananan furanni ne da suka cunkushe a ƙoƙo ɗaya. Tun da sanfulawa da dangin tazargade suna cikin amfanin da aka ɗora wa cibiyarku alhakin ingantawa, ba baƙon gida nake kawo muku ba.

Sunan kansa yana ɗauke da labari. Kalmar galamensis ta fito ne daga Galam, tsohuwar ƙasar mutanen Soninke da ke gaɓar kogin Sanigal ta wajen garin Bakel, kuma da sunan wannan ƙasa masanin tsirrai Bafaranshe Cassini ya rubuta shi a 1817, kafin takwaransa Bajamushe Lessing ya mai da shi cikin jinsin Vernonia a 1829. Wato a Afirka ta Yamma ilimin zamani ya fara saninsa, kuma yana fitowa da kansa tun daga Sanigal, ya ratsa ƙasashenmu na Sahel da sabana, har zuwa Sudan da Habasha da Eritiriya, ya gangara kudu zuwa Zimbabuwe. Duk da haka, idan mutum ya bibiyi abin da aka rubuta game da amfaninsa a cikin shekaru sittin da suka wuce, zai ga sunan Habasha da Kenya da Zimbabuwe da Amurka ne ke ta maimaituwa, mu kuwa galibi muna fitowa ne a jerin wuraren da ake samunsa, ba a jerin wuraren da aka auna shi ba.

Dalilin da ya sa aka damu da shi yana cikin ƙwayar. A nau'in da aka fi nazari, kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin ƙwayar mai ne, wanda ya kusa abin da ake samu a gyaɗa, kuma a cikin man nan tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin 100 wani sinadari ne da ake kira asid ɗin banolik, wanda masanin kimiyyar sinadarai Gunstone ya fara bayyana shi a Birtaniya a 1954 daga wani ɗan uwan wannan tsiro na Indiya. Abin da ya bambanta shi da man gyaɗa ko man riɗi ɗan ƙaramin abu ne. A tsakiyar sarƙar ƙwayoyin kabon 18 da suka gina shi, akwai wurin da ƙwayar oksijin guda ta riƙe ƙwayoyin kabon biyu da ke maƙwabtaka, suka zama uku kamar duwatsun murhu. Wannan ɗan zobe a takure yake, saboda haka da sauƙi yake buɗewa ya kama wani abu ya riƙe gam, kuma shi ne abin da masu masana'antu ke kira efoksi, wanda ke shiga fenti mai ƙarko da gam mai ƙarfi da kayan da ake zubawa a robar PVC domin ta yi laushi ta kuma jure zafi. A yanzu, idan ana son mai mai wannan siffa, sai a ɗauki man waken suya ko man wani iri da ake kira linzid a dafa shi da sinadarai masu ƙarfi a masana'anta, a kashe kuɗi da wuta. Banoniya kuwa a gona take ƙera nata, da rana da ruwan sama.

Akwai wata fa'ida kuma da duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai fentin mota ko mai fentin ƙofa zai fahimta. Fentin mai yana da kauri, shi ya sa ake tsinka shi da tina, tinar nan kuwa ba ta zama a jikin bango ko ƙarfe, tashi take yi ta shiga iska ta shiga huhun mai aikin. Man banoniya ruwa-ruwa ne, ba ya daskarewa ko a sanyin da ke mai da ruwa ƙanƙara, don haka yana iya tsinka fenti kamar yadda tina ke yi, amma maimakon ya tashi sai ya haɗu da fentin su bushe tare ya zama wani ɓangare na fatar da ta rufe wurin. Lokacin da Amurka ta tsaurara dokarta ta tsabtar iska a 1990, wannan siffa ce ta sa masu fenti suka sake waiwayar tsiron. Wajibi ne kuma in faɗi inda ya gaza, domin kada a ce na yi tallan rabin haja: yawan efoksin da ke cikinsa bai kai na man waken suya da aka sarrafa ba, saboda haka ba a kowane aiki zai maye gurbinsa ba.

Yadda aka gano shi ma abin lura ne ga masu bincike irinku. Tun ƙarshen shekarun 1950 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta shiga tattara ƙwayoyin tsirrai dubbai daga ko'ina a duniya tana auna mansu, da nufin samo sababbin amfanin gona na masana'antu. Da farko sun ɗora rai a kan ɗan uwan nan na Indiya, Vernonia anthelmintica, amma ya ba su kunya domin ƙwayoyinsa zubewa suke yi kafin a kai ga girbi. Sai a 1964 wani masanin tsirrai na ma'aikatar mai suna Robert Perdue ya ci karo da banoniya a wani busasshen wuri kusa da Harar a gabashin Habasha, ya lura cewa kawunanta sun bushe amma ƙwayoyin suna nan ba su watse ba, ya ɗiba ya tafi da su. Da aka auna, sai aka tarar ta fi ta Indiya mai, ta kuma fi ta riƙon ƙwaya. Ba wata na'ura mai tsada ce ta fara wannan labari ba, mutum ne ya tsaya a bakin hanya ya duba abin da kowa ke wucewa. A 1986 masanin tsirrai Gilbert ya sake tsara rabe-rabenta, ya kasa ta gida shida, kuma wadda Perdue ya ɗebo, reshe ce a cikin ɗaya daga gidajen, ita ce aka sa wa suna ethiopica. Aka gwada nomanta a Zimbabuwe da Kenya, daga baya masanan Habasha a jami'ar Alemaya, wadda yanzu ake kira Haramaya, suka tattaro ire-irenta daga sassan ƙasarsu suka gwada, har aka ba da rahoton cewa mafi kyawu a cikinsu sun kai tan 4 a hekta a gonar gwaji. Ku kun fi ni sanin tazarar da ke tsakanin gonar gwaji da gonar talaka, amma ko an raba wannan adadi gida huɗu, abin da ya rage bai zama abin rainawa ba ga tsiron da ba a taɓa yi masa aikin ingantawa na kirki ba.

Amurkawa sun so su noma ta a ƙasarsu, sai tsiron ya ƙi. Banoniya tana cikin tsirran da ba sa fure sai yini ya gajarta, kamar yadda dawarmu ta gida, farafara ko kaura, ba ta fitar da kai sai lokacinta ya yi ko da yaushe aka shuka ta. A can kuwa kafin yini ya gajarta sanyi ya kawo jiki, sai sanyin ya kashe ta kafin ƙwaya ta nuna. Sai da masanansu a Arizona suka shafe shekaru suna barbarar ta da wani nau'i da bai damu da tsayin yini ba. Wannan matsala da ta ci musu shekaru, mu ba mu da ita, domin a wurinmu gajartar yini da ɗaukewar ruwa tare suke zuwa, kuma abin da tsiron ke so ke nan: ruwa yayin girma, rani yayin nuna, da ƙasa mai tsane ruwa wadda ba ta kwantar da shi. Harar tana kan layin digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, Samaru tana kan 11, sai dai Harar tudu ce mai tsayin kusan mita 1,900, Samaru kuwa ba ta kai mita 700 ba, don haka babu tabbacin cewa irin Habasha zai ji daɗin zafinmu. Wannan ma wani dalili ne na fara duba namu, wanda ya saba da ƙasar tun kaka da kakanni.

A nan nake so in ɗan tsaya a kan abin da ya faru da Habasha, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A 2006 hukumar kula da albarkatun halittu ta ƙasar ta sa hannu a yarjejeniya da wani kamfanin Birtaniya mai suna Vernique Biotech, wadda ta ba kamfanin damar amfani da irin banoniya a madadin wani kaso na riba. An yi ta murna a lokacin, amma har yau man banoniya bai zama hajar da ake hada-hadarta a kasuwar duniya kamar riɗi ko zoɓo ba. Shekara guda kafin haka, a 2005, ƙasar ta ƙulla makamanciyar yarjejeniya da wani kamfanin Holan a kan tef, hatsin da suke yin gurasarsu ta injera da shi, wanda ɗan uwan burburwarmu ne. Kamfanin ya samu takardar mallakar fasaha a Turai a kan sarrafa garin tef, ya durƙushe a 2009, kuma abin da ya shiga hannun Habasha bai wuce kimanin Yuro 4,000 ba, takardar mallakar kuwa ta ci gaba da aiki a hannun wasu har sai da wata kotu a birnin Heg ta soke ta a Holan a 2018. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗauki albarkatun halitta daga cikinta tana da haƙƙi a ribar da aka samu, amma haƙƙi irin wannan ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da shaida. Ƙasar da ba ta tattara irinta ba, ba ta rubuta inda ya fito da ranar da aka ɗebo shi ba, ba ta auna abin da ke cikinsa ba, da me za ta je gaban alƙali?

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan gaggawa a ganina. Masu bincike a Jami'ar Kentaki ta Amurka sun yi aiki a kan ɗaukar ƙwayoyin gadon da ke sa banoniya da wani ɗan uwanta mai suna Stokesia su ƙera wannan asid, domin dasa su a cikin waken suya. Idan irin wannan aiki ya kai ga kasuwa, manomin Amurka ko na Barazil zai noma man efoksi da injinan da yake da su tuntuni, kuma ba wanda zai sake tambayar inda asalin tsiron yake. Ba ina zargin kowa ba ne, kowa gidansa yake ginawa. Ina nufin ƙofar ba za ta zauna a buɗe har abada tana jiranmu ba.

Daga cikin gida ma lokaci yana ƙurewa. A zamanin da na fara aiki, fartanya da garma ne ke yaƙi da ciyawa, kuma komai ƙoƙarin mai noma wasu sukan tsira a gefen gona da kan iyaka da saura, su yi fure su zubar da iri. Yanzu kusan kowane matashi a karkara yana da tankin feshi a bayansa, ana feshe gona kafin shuka, ana feshe ta bayan shuka, har kan iyaka da bakin hanya ba a bari, saura kuwa ta zama tarihi a yawancin ƙasar Kano da Katsina saboda ƙarancin fili. Ban ce a daina feshi ba, domin na san tsadar 'yan ƙwadago kuma na san abin da ciyawa ke yi wa masara. Amma ciyawa mai faɗin ganye wadda rayuwarta ta dogara ga zubar da iri kowace shekara tana cikin waɗanda feshi ya fi yi wa illa, kuma idan wani nau'i na musamman ya ɓace daga wani yanki, ya tafi ke nan da duk siffofin da ya tara, ko na jure fari ne, ko na riƙon ƙwaya, ko na yawan mai. Tsiron a matsayin jinsi ba ya fuskantar ƙarewa, domin ƙasashen da yake ciki suna da yawa. Abin da ake iya rasawa shi ne bambancin da ke tsakanin na Sakkwato da na Zariya da na Gombe, bambancin nan kuwa shi ne jarin mai inganta iri.

Saboda haka roƙona na farko, wanda shi ne ginshiƙin wannan wasiƙa, shi ne a tattara. A tura ma'aikata da ɗalibai a lokacin kaka su ɗebo ƙwayoyin banoniya daga wurare masu yawa da suka bambanta a ruwa da ƙasa, tun daga jigawar arewa mai ƙarancin ruwa har zuwa kudancin Kaduna da Neja, kowane ɗiba a ambulan ɗinsa, da sunan gari da yanayin ƙasar da ranar ɗiba, a kuma matse reshe guda mai fure a ajiye a ɗakin adana busassun tsirrai na jami'a domin ya zama shaida. A raba ƙwayoyin biyu, kaso ɗaya ya zauna a Samaru, ɗaya a kai cibiyar adana albarkatun iri ta ƙasa da ke Ibadan, domin ba a zuba ƙwai duka a faifai ɗaya a ɗora wa yaro. Wannan aiki bai fi ƙarfin kuɗin man mota da ambulan da alawus na 'yan kwanaki ba, kuma cibiyar da ta fara aiki tun 1922, wadda ta tara dubban ire-iren dawa da gyaɗa da wake, ba sai an koya mata yadda ake yinsa ba. Idan kun ga dama, takwarorinku na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da ke da tasha a Maraɗi za su iya ɗebo na can, tun da tsiron bai san iyakar Jibiya ko ta Maigatari ba.

A yayin ɗibar, ina roƙon a tambayi mutanen wurin sunan da suke kiransa da abin da suke yi da shi, a rubuta kamar yadda suka faɗa. Tsoffin mata da makiyaya da masu maganin gargajiya sun san ciyayi fiye da yadda muke zato, kuma sau da yawa suna ɗaya yana hawa kan tsirrai biyu ko uku na dangi ɗaya, ko tsiro ɗaya ya ɗauki suna dabam a kowace masarauta. Wani likita Bature mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, kuma abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari da ɗoriya har yanzu aikinsa ne madogara ta farko, alhali masu harshen suna da farfesoshin tsirrai a kowace jami'a.

Bayan tattarawa sai aunawa, kuma a nan Allah ya yi muku gata da maƙwabta. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa tana Basawa, cibiyar binciken kiwon dabbobi tana Shika, sashen ilimin sinadarai da na haɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello suna tsallaken titi. A tsakanin waɗannan wurare da ba su fi tafiyar minti ashirin da juna ba, ana iya sanin yawan man da ke cikin kowane ɗiba, da yawan asid ɗin banolik da ke cikin man, da kuma ko tunkuzar da ta rage bayan matsa za ta ciyu ga dabba. Tunkuzar tana da sinadarin gina jiki mai yawa, kusan kashi 40 cikin 100, amma dangin shuwaka sun shahara da ɗaci da sinadarai masu ƙarfi, don haka sai masanan Shika sun tantance kafin a zuba wa ko da akuya guda. Mai yiwuwa sakamakon ya nuna cewa namu bai kai na Habasha mai ba, ko ya fi shi zubar da ƙwaya. Idan haka ta kasance, ba a yi asara ba, domin an san abin da ake da shi, kuma siffar jure zafi ko fari da ke jikin namu tana iya zama abin da za a haɗa da yawan man na can. Daga nan ne za a iya shuka mafi kyawu a 'yan kunyoyi a Samaru da Minjibir da Talatar Mafara a ga halinsu.

Masu gwajin za su haɗu da wahalhalun da waɗanda suka riga su suka haɗu da su. Ƙwayar ƙarama ce kuma sabuwarta takan yi nawar tsira, tsiron yana tafiyar hawainiya a makonnin farko har wasu ciyayi su danne shi, abin dariya ga wanda shi kansa ciyawa ake kiransa. Kawunansa ba sa nuna lokaci guda, na sama ya bushe na ƙasa yana fure, ko da yake an lura cewa datse kan tsiron yana ƙarami yana sa ya yi rassa da yawa su kuma nuna kusan tare. Gashin da ke kan ƙwayar yana wahalar da sussuka da shiƙa. Sannan akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da ke farkawa da zarar an farfasa ta, ya shiga lalata man nan take, saboda haka dole a turara ta ko a gasa ta da zafi kafin a matsa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai ga duk mai tunanin cewa injin matsar gyaɗa na unguwa zai wadatar. Kuma tun da na ambaci injin gyaɗa, ya zama dole a faɗa da babbar murya tun daga ranar farko cewa man banoniya ba na ci ba ne, na masana'anta ne kamar man zurma, kuma bai kamata ya bi ta injin da ake matsa man miya ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna, kuma ya saɓa wa abin da masu irin wannan wasiƙa suka saba roƙo. Ina roƙon kada a kai maganar nan ga manoma a matsayin sabuwar hanyar arziki, kada a yi taron ƙaddamarwa, kada a raba iri, har sai an samu mai saye wanda ya gwada man a masana'antarsa ya ce yana so, ya kuma faɗi farashi. Ina cikin waɗanda suka yi yawon ƙauyuka wajen 2008 suna gaya wa mutane cewa bini da zugu zai zama man dizal, cewa wani kamfani zai zo ya saye duk abin da aka noma. Mutane suka ba shi filin da da gero za su shuka, itacen ya yi 'ya'ya kaɗan, kamfanin da ya yi alkawari ba a sake ganin motarsa ba, mu da muka kai saƙon muka rasa inda za mu sa fuskarmu. Har yau akwai ƙauyen da idan na shiga sai wani dattijo ya tambaye ni, cikin raha mai ɗaci, ko na kawo kuɗin dizal ɗinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba na so a sake yin cinikin biri a sama da sunan bincike. Hanyar da ta dace ita ce a matse lita kaɗan, a kai wa masu yin fenti da roba a Kano da Kaduna da Legas ta hannun hukumar binciken albarkatun masana'antu da ke Abuja, su gwada su faɗi gaskiya. Idan sun ce ba ya yi musu, sai a rufe babin noman, irin kuma ya ci gaba da zama a ma'ajiya har ranar da za a buƙace shi. Idan sun ce yana yi, sai a fara da manoma ƙalilan a ƙarƙashin yarjejeniyar saye, a kan ƙasar da ba ta ba da hatsin kirki, ba a kan gonar abincin gida ba.

Na san za a ce kuɗin bincike ba ya isa ko ga masara da wake, waɗanda su ne cikin talaka, kuma wannan gaskiya ce da ba zan musa ba. Shi ya sa ban nemi a buɗe sabon sashe ko a sayi sabuwar na'ura ba. Ɗalibi guda mai neman digiri na biyu, da malami guda da ya yarda ya duba aikinsa, da mota ta mako biyu, sun isa a fara. Kawunan banoniya suna bushewa ne daga wajen Oktoba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da ake yankan dawa, kuma da zarar iskar hunturu ta taso da ƙarfi, ko an saki dabbobi a gonaki, ko an cinna wa karan wuta, sai kuma wata shekara. Ina roƙon a sa wannan ɗiba a cikin tsarin aikin kakar bana, kuma idan ana bukatar mai nuna hanya a ƙauyukan da na yi aiki, ƙafata tana nan.

Allah ya ƙara wa cibiya albarka, ya ja da ranku.

Wassalam,
Naku, tsohon malamin gona.